Hanjin da Bai Koma Gida Ba

Da sunan Allah, wanda ya ƙaga mutum a inda ido ba ya kaiwa. Wannan babin na daɗe ina ɗokin mu iso shi, don haka kai mai rubutu ka fiƙe alƙalaminka, kada ka rage mini ko kalma. Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa muku a bakin rijiya. An ce muku Tanko na Ƙarfi yana ganin cikin mutum, an ce shi ya sa sarautar fawa ta tsallake shi ta faɗa kan ƙanensa. Rabin maganar gaskiya ce. Sarauta ta tsallake ni, amma ni ba maye ba ne, kuma ban taɓa ganin cikin mutum mai rai ba. Abin da na gani a cikin tumaki na gan shi, da rana tsaka, da idanun nan da yau ba sa bambance akuya da kare. Abin ya faru ne a shekarar da aka haifi babbar yayarku, wadda kuke ce wa Ta-Tsiga. Sunanta na yanka ba za ku ji shi a bakina ba. 'Yar fari ce, na karya kunyarta sau ɗaya a gaban duniya, ya isa haka.

Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni. Ubana shi ne Sarkin Fawan Ƙarfi, mutum mai gajeren zance da saurin hannu, ni ne kuma babban ɗansa namiji. Ba ma yanka dabba mai ciki da gangan, abin ƙi ne. Amma ƙaramin ciki ba ya nunawa, ko Bafulatanin da ya sayar maka da tunkiyar bai san da shi ba. Sai an feɗe an fasa ciki a ga mahaifa ta ɗan tasa, a yi salati, a yanke ta a wurga wa ungulu. Haka kowa ke yi, haka ni ma nake yi, har ranar da ƙaiƙayin hannu ya sa na tsaga wata kafin in jefar. Ruwa ya zubo garai-garai, a cikinsa ga wani ɗan abu da bai fi gyaɗa mai ɓawo ba. Yana da kai, yana da ɗigo biyu baƙaƙe a gurbin ido, ga 'yan ƙafafu sun fara tsirowa. Na faki idon Baba na sa shi a farin ƙoƙo, na zuba ruwa, na zaga bayan kukar mayanka, na tsinko ƙayar aduwa na zauna a rana ina buɗa shi a hankali.

Jama'a, abin da na gani! Ni da na tashi hannuna cikin kayan ciki, na san mazaunin kowanne ko da an rufe mini ido: tumbi a hagu, hanta a dama, saifa manne da tumbi, hanji a nannaɗe cikin farin kitsensa, ga shamaki ya raba su da huhu. To, a cikin ɗan tayin nan hanta ce ta cinye ɗakin duka, jajir, ta cika ciki fam. Tumbin da ke cika masaki bai fi ƙwayar dawa ba, kumburi ne kawai a jikin wani siririn zare da ya taso daga maƙogwaro. Na bi zaren nan da bakin ƙaya ina neman hanji, sai na ga ya fice daga cikin. Ya bi ta cibiya ya fita waje, ya murɗe, ya kwanta a gindin igiyar cibiya cikin wani tantani mai haske. Na ce wannan nakasasshe ne. Na samu na biyu mai irin girmansa, haka. Na uku, haka. Amma duk wanda ya kai tsawon yatsana, in na duba sai in ga igiyar cibiyarsa fes, hanji ya koma ciki ya kwanta a mazauninsa, kuma kwanciya iri ɗaya a kowace dabba, ba ya kuskuren gefe. Ranar da abin ya haɗu a kaina na miƙe tsaye ni kaɗai a bayan kuka ina dariya. Ashe hanji fita yake yi don ɗaki ya yi masa kaɗan, ya yi girmansa a waje, in ciki ya buɗe ya juyo ya dawo gida.

Wa zan gaya wa? Na gwada Baba, ya ce mu mahauta ne ba bokaye ba, in ya sake ganina da ƙoƙon nan zai fasa shi a kaina. Sai na ja hannun malamin da ke yi mana yanka, wani dattijo mai sanyin hali. Ya duƙa ya daɗe yana kallo, gemunsa na neman taɓa ruwan.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji shi. "Mun karanta cewa halitta mataki-mataki take a cikin duhun mahaifa, yau ga shi na gani. Amma Tanko, ka ji shawarata. Ka bar wannan tsakaninka da kukar nan. Mutanen kasuwa ba su da wurin ajiye irin wannan magana."

Na ce to. Amma bakina bai iya riƙe abin daɗi ba. Da na auri uwarku Hanne, 'yar wani manomin auduga a Tsiga, ko wata biyu ba ta yi a ɗakinta ba na shigo mata da ƙoƙo a ƙarƙashin riga.

"Kai dai Allah ya shirye ka," ta ce. "Maza na kawo wa matansu tsire, kai ɗan tayi ka kawo mini?"

Ta tofar da yawu ta kau da kai. Can kuma ta juyo ta leƙa. Daga nan ta karɓe ƙayar daga hannuna, ta ce hannuna ya cika nauyi, ita da ta saba da zaren kaɗi ta fi ni iya bi. Tun daga ranar na san na yi dace. Da ciki ya bayyana a jikinta, wata rana muna zaune da hantsi tana gurzar auduga, sai ta dafa mararta ta tambaye ni ƙasa-ƙasa, ba ta ko dube ni ba.

"To, na wannan yanzu yana ciki ko yana waje?"

"Haba, tuni ya koma," na ce mata, har da buga ƙirji.

A cikin watannin nan ne na je wata ruga gabas da Ƙarfi sayen rago, na tarar tunkiya ta haihu, ɗan ya zo da wata jaka a gindin cibiya. Kafin in buɗe baki makiyayin ya ce ruwan banza ne, ya sa wuƙa ya shafce ta. Ba ruwa ba ne ya zubo. Ɗan tunkiyar bai kai azahar ba. Na roƙi gawar na buɗa, na ga inda wuƙa ta raba hanji biyu. Nan na ƙara sanin wani abu: akwai hanjin da kan yi nawa, ƙofa ta tsaya a buɗe, a haifo shi yana waje. Na dawo gida ina ta juya abin a raina, amma ban gaya wa Hanne ba, mai ciki ba a kai mata irin wannan labari.

Da cikinta ya tsufa aka zo aka tafi da ita Tsiga goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ku yaran yanzu kun fara sakin al'ada, to ku ji yadda take a lokacinmu. Uban ɗan fari ba ya tambaya, ba ya murna a fili, ba ya ɗauka, in an yi masa albishir sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Gidan surukai kuwa iyakarsa zaure, takalmi a hannu, gwiwa a ƙasa. Ni na san duk wannan, kuma na yi niyyar kiyayewa. Sai dai na gano wai ragunan Tsiga sun fi na ko'ina kitse, ba kuma kasuwar Tsiga da za ta ci ban kwana a hanya na je ba. Abokan sana'a suna ta yi mini shaƙiyanci, ina cewa ciniki ne ya kai ni. Sa'ata ɗaya, yayata Laraba tana aure a can, dangarsu ɗaya da gidan surukaina.

Ranar kasuwa ce, da kaka, ana tsakar cirar auduga. Hantsi ya ɗaga, na gama fiɗa ina cikin kasa nama, jini har gwiwar hannu, sai ga Yaya Laraba ta keto kasuwa, ita da ba ta taɓa taka ta ba tun da aka kai ta ɗaki.

"Tanko, Hanne ta sauka. Mace ce."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da yanka, na ce madalla, cikin ladabi.

"Ba madalla na zo karɓa ba! 'Yar ta zo da wani ƙunshi a gindin cibiya, ya kai ƙwan agwagwa. An tafi kiran Iya Tasalla a gona. Mata sun ce ruwan banza ne, yanzu za a yanke shi a huta."

"Yaya, ana ganin abin da ke ciki?"

"Wani abu a nannaɗe. In ta yi kuka sai ya motsa."

Ban san lokacin da na tsallake rumfa ba. An ce na ture mai nono, an ce na taka tabarmar mai gishiri, ni dai ban ga kowa ba. Abu ɗaya ke cikin idona, aska. Iya Tasalla ita ce ungozomar Tsiga, hannunta ba ya jira, ma'auninta kuma kowa ya san shi: faɗin yatsa uku daga ciki, ta ɗaure, ta yanke. Yatsa uku a ranar nan tsakiyar hanjin 'yata ne. Na iso ƙofar gidan, surukina na zaune a zaure da dattawan unguwa, na wuce ta tsakiyarsu da takalmi a ƙafa, ba sallama. Sai daga baya na lura ashe wuƙar fawa tana hannuna har lokacin. Ku auna da kanku: ƙato ya faɗo cikin mata ranar haihuwa, jina-jina, da wuƙa tsirara. Mata suka watse suna ihu, wata ta faɗa kan tukunyar ruwan zafi, Allah ya kiyaye bai tafasa ba. Na yaye asabarin ɗakin. Ga Iya Tasalla a tsugune, jaririya a kan ƙyalle, zare a haƙoranta, ta riga ta ɗora yatsunta uku, aska na hannun dama.

"Iya, don girman Allah kada ki yanka nan! Hanjinta ne!"

Ta ɗago a hankali ta dube ni daga sama har ƙasa, ta zare zaren daga bakinta.

"Wane ne wannan mara kunyar?"

"Mijin Hanne ne," in ji wata daga waje.

"Uban 'yar? A ɗakin haihuwa? Yau na ga ikon Allah. Kai ɗan mahauta, matar taka ma ni na yanke mata cibiya. Fita kafin in haɗa da kunnenka."

Na yar da wuƙa na durƙusa a bakin ƙofa. Magana ta riƙa fito mini a hargitse, hanta ta cika ɗaki, hanji ya fita, ya kamata ya koma, wannan bai koma ba, ƙayar aduwa, ɗan tunkiyar ruga. Ta tambaye ni a ina na ga duk wannan, na ce a tumaki. Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ɗauki salati. A daidai nan surukina ya shaƙo wuyan rigata ta baya yana ja, ni kuma na riƙe dogaran ƙofa da hannu biyu. Na ga Iya ta mai da ido kan aikinta, ta gyara riƙon aska. Sai murya ta fito daga lungun ɗakin, inda Hanne ke jingine. Mai haihuwar fari da ko ido ba ta isa ta ɗaga ta dubi abin da ta haifa ba, ita ce ta yi magana a gaban uwarta da ubanta.

"Iya, ni ma na gani, da idona. Ki ɗaga ta a rana ki duba. In ruwa ne ki yanke."

Iya Tasalla tsohuwa ce mai faɗa, amma ba ta da taurin kan banza. Ta yi tsaki, ta tattaro jaririyar da mabiyiya gaba ɗaya, ta matso bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, ta kara ƙunshin a haske. Ni ma a lokacin na fara ganin 'yata da kyau, kuma ba fuskarta na fara gani ba. Tantanin yana ƙyalli, a cikinsa ga hanji nan a nannaɗe, irin kwanciyar da na sani. 'Yar ta tsandara kuka, abin ya motsa ya ƙara cika. Wallahi duk da tsoron da nake ciki, wani sashe na zuciyata tsalle yake yi: ashe mutum ma haka ne! Ashe duk wanda ke tsakar gidan nan, har mai shaƙe da wuyana, hanjinsa ya taɓa kwana a waje! Iya ta daɗe tana kallo. Daga nan ta zame yatsunta sama, ta wuce ƙunshin, ta ƙara kusan taƙi guda inda igiya ta sirance, ta ɗaure, ta yanke a can.

Surukina ya ja ni har waje ya tsayar da ni a gaban dattawa. Ba zan ce ƙeta ce ba, tsoro ne.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Yarinyar nan ba ka taɓa ganinta ba, kana kasuwa aka haife ta. Ya aka yi ka san abin da ke cikinta? Su wane ne ke ganin kayan cikin mutane in ba mayu ba?"

"Baba, a tumaki..."

"Jikata ba tunkiya ba ce. Kada ka sake taka gidan nan. In ta mutu, kai ka cinye ta, kuma garin nan duka shaida ne."

Na koma gidan Yaya Laraba na zauna a gindin danga, inda nake jin motsin gidan surukaina. Da la'asar sai na ji ana ƙwanƙwasa karan dangar da sanda.

"Kai mai tumaki, kana nan? To, ka hana ni yanka. Yanzu sai me?"

"Ban sani ba, Iya."

"Au! Nan sanin naka ya ƙare?"

"Nan ya ƙare. Ni matattu kawai na taɓa buɗewa."

Ta yi wata dariya mai kama da tari, ta ce to in matsa in ba masu rayayyu wuri. Ku riƙe wannan da kyau, don masu ba da labari sukan manta da shi: ni aska kawai na tsayar, wadda ta raya yayarku Iya Tasalla ce. Ta ce tantanin nan in ya fashe an gama, in ya jiƙe zai ruɓe, saboda haka so take ya bushe ya yi tauri. Ta sa aka dako bagaruwa, irin wadda majema ke jima da ita, wanzamai kuma ke barbaɗa wa masu kaciya, ta tankaɗe ta da ƙyalle har ta yi laushi, tana barbaɗawa safe da yamma. Ta hana gashin cibiya, aka yi ta rigima da surukata a kan haka, don a wurinta jaririn da ba a gasa wa cibiya ba ba a gama haihuwarsa ba. Ta hana tsoma 'yar a ruwa, sai shafa. Ta hana goyo. Ta samo ɗan ƙoƙo ta shimfiɗa masa sabuwar auduga ta kife a kan cibiyar, ta naɗe da ƙyallen saƙi. Ta bar gonarta da audugarta a tsaye ta tare a ɗakin.

Ni kuwa abu ɗaya nake jira, kuma mahauci ne kawai zai gane shi. Hanji hanya ce guda daga baki har ƙasa. In ta murɗe ko ta toshe a cikin ƙunshin nan, duk bagaruwar duniya ba za ta yi amfani ba. Washegari Yaya Laraba ta leƙo da murna ta ce 'yar ta yi baƙin kashin nan na jarirai. Na ce wannan ba shaida ba ne, ya daɗe a ƙasan hanji tun tana ciki, ni wanda nono ya bi ta hanya ya fito nake so. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin uba irina ba. Na kasa cin abinci, na kasa komawa Ƙarfi, in na ji kukan 'yar ta cikin danga in ji daɗi, in ta yi shiru in manna kunne a jikin kara. Ana haka, wata safiya rana ta fito ke nan, sai ga sandar Iya ta buga danga, ga hannunta ya zuro ta tsakanin kara da wani tsumma.

"Ungo, mai tumaki. Ga abin da kake nema."

Kashi ne, rawaya shar! Na karɓa hannu biyu, na duba, na sake dubawa, na yi kabbara da ƙarfi har kaji suka watse. Na zagaya tsakar gidan yayata da tsumman nan a sama ina rawa, mijinta ya fito da buta ya tsaya baki buɗe. Tun da aka kafa Tsiga ba na jin an yi wanda ya yi murnar kashi kamar yadda na yi a ranar. Na yi kuka kuma, ba zan ɓoye muku ba, na yi shi sosai.

Kuna zaton da ta rayu sai a wanke ni? Ina! Cewa aka yi na saki kurwarta ne don an gane ni. Ranar suna na kawo rago, aka karɓa a ƙofa, aka ba wani ya feɗe, na yi addu'ata daga bayan danga. Kafin in isa Ƙarfi labari ya riga ni. Matan da ke aiko yara sayen nama wurina suka koma rumfar ƙanena, uwaye na janye 'ya'yansu in na gifta. Malamin yanka ya tsaya a ƙofar masallaci ya rantse cewa ya ga abin da na gani a ƙoƙo, wasu suka yarda, da yawa suka ce na shanye shi. Baba bai zage ni ba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ya dai kira ni ya ce daga yau in tsaya a fiɗa, ƙanena ya riƙa zama a rumfa, don mutane ba sa cin naman hannun da suke tsoro. Na san abin da maganar ke nufi, wanda ke rumfa shi ke gadon sarauta. Ya yi mini ciwo, har yau in na tuna yana yi. Amma da za a mai da ni kasuwar Tsiga a ranar nan, da gudun da zan yi ya fi na farko.

Labari yana zuwa mini ta bakin fatake daga Yaya Laraba. Tantani ya yi baƙi ya bushe kamar jemammiyar fata. Ya fara tsukewa. Fatar ciki ta fara hawowa daga gefe-gefe tana rufe shi. Kowane saƙo ya zo sai in rasa inda zan sa kaina, in je bayan kuka in yi ta kai da komo. Arba'in ta wuce, wani watan ya bi, surukina ya ce 'yarsa ba za ta koma gidan maye ba, bai kuma sauka daga kan maganar nan ba har ya koma ga Allah. Sai da aka yi ruwan shuka, wata rana da yamma ina wanke wuƙaƙe, na ga jaki ya tsaya a ƙofar gidanmu. Iya Tasalla ce a kai, Hanne na biye da jaririya a kafaɗa. Ashe tsohuwar ta je ta gaya wa surukina cewa ita ta raini cibiyar nan, ita za ta kai ta gidan ubanta, wanda ya isa ya tare ta.

Ba ta ko sha ruwa ba ta zauna a zaure ta kwance ƙyallen. Cibiyar ta yi tudu kamar an kife ɗan ludayi, amma fata ce, fata sosai, mai sheƙi, ta rufe ruf. Na tsaya daga nesa ina sunkuyar da kai, wai ni mai kunya.

"Kai tafi can," in ji Iya. "Kunyar da ka zubar a Tsiga ce za ka zo ka tsince ta a nan? Kawo hannunka."

Ta kama hannuna ta ɗora a kan tudun. Ɗumi. Can sai na ji abu ya motsa a ƙarƙashin tafina, ya yi ƙugi ya wuce, yana aikinsa. Duk shekarun nan matacce nake taɓawa da ƙaya, yau ga mai rai a hannuna, kuma na 'yata. Yarinyar ta kama yatsana ta kai baki. Na yi dariya, Hanne ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ina ganin kafaɗunta na rawa.

Da safe na fito da jakin na ɗaura wa Iya cinyar rago da ɗan gishiri, na ce ta ƙara ko kwana biyu ta huta. Ta ƙi. Ta tsaya riƙe da igiyar jakin, ta dubi ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta yi magana, ba da muryar faɗan nan tata ba.

"Tanko, taka ce ta uku da na gani da irin wannan ƙunshi. Biyun farko, ɗaya namiji ɗaya mace, yatsa uku na auna, yadda aka koya mini. Na ɗaure tam na yanke. Cikinsu ya kumbura, ba wanda ya kai suna. Na ce wa uwayensu kwana ne ya ƙare, ni ma haka na ɗauka."

Na buɗe baki in ce mata ba ta sani ba ne, ta ɗaga mini hannu.

"Ɗora ni. Akwai mai wata tara a Tsiga, ba na so wata ta riga ni zuwa da aska."